Mai Gyaran Famfo a Amman

A unguwarmu ruwa mako-mako yake zuwa,
kamar fatake masu bin ranar kasuwa.
Daren Talata bututu kan yi tari,
ya yi kaki, ya furzar da iska,
sannan ya saki murya.
Duk matar da ta ji sai ta miƙe,
ko da mafarkinta bai kai gaɓa ba.

Ni ce Sausan 'yar Abu Zuhair.
Sifana biyu a jakata, da zaren liƙi, da guntayen roba.
Da na fara, maza sun yi dariya,
yanzu matansu ne ke haddace lambata.

Laraba gari kan zama igiyar shanya.
Zannuwan gado na kaɗawa daga tudu zuwa tudu,
injin wanki na gurnani tun asuba,
ana cika tanki, ana cika kwalba,
har tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba
tana da rabonta.

Ranar nan Ummu Gassan ta kira ni,
tsohuwa ce, hawa na huɗu, gwiwa ta ƙi.
Ta ce, "Tankina ba ya kai Asabar,
alhali ni kaɗai ce, sai kyanwa."
Na hau rufi na ƙwanƙwasa cikinsa,
ya amsa mini da muryar ganga.
Na bi bututu da tafin hannu
kamar mai laluben zazzaɓi a goshin yaro,
sai ga danshi bayan bango,
gansakuka ta yi kore, ta yi ƙiba,
ita kaɗai ke cin daɗi a gidan.

Ɗigo ɗaya ne duk daƙiƙa.
Na ce, "Inna, kada ki raina shi,
kafin gobe war haka ya cika jarka.
An ce da yayyafi kogi kan cika,
to da ɗigo tanki kan mutu."

Ta zauna a matakala tana kallon hannuna.
Na ce, "Kin san daga ina ya taso?
Daga Disi, can kudu, ƙarƙashin yashi,
tafiyar fiye da kilomita ɗari uku a cikin ƙarfe.
Ruwan sama ne da ya sauka
tun ba a sassaƙa Petra ba,
ya kwanta cikin dutse yana jiran ƙishinmu.
Abin da muka ɗiba ba ya komawa.
Wani ma a hanya yake zurarewa,
bai ga kofi ba, bai ga leɓe ba."

Ta ce, "Ni fa ban taɓa zubar da shi ba.
Na wankin shinkafa na na'ana'a ne.
Na ɗauraya shi ke goge matakala.
Na alwala ina tara shi a kwano,
itacen lemon tsakar gida ya san sawuna.
Na sanyin da ke riga na zafi fitowa
bokiti ke tare shi, ya tafi bayi.
Shekara arba'in ina yi masa ladabi,
ashe ta bayan gida yake guduwa."

Robar da na canza ba ta kai kuɗin burodi ba.
Na ɗaure, na saurara. Shiru.
Ta kawo shayi a ƙaramin kofi,
ragowar da na bari ta juye wa na'ana'a.

Da magariba na iso gida, kafaɗa na ciwo.
Ina cire takalmi na ji shi daga madafa:
ɗis.
Na tsaya.
Ɗis.
Tun makon jiya nake cewa gobe.
Na tura kofi ƙarƙashinsa,
na koma ƙofa na ɗauko jakata.